Na'urar auna matsin cikin ƙoƙon kai: yadda ake saita ta, a karanta ta, a kuma gane lokacin da take ƙarya

In ka shiga ɗakin kulawa ta musamman ka ga mara lafiya an aske masa gaban kai, wani siririn bututu ko waya ta fito daga ƙarƙashin bandeji ta tafi jikin na'ura, toh matsin da ke cikin ƙoƙon kansa ake aunawa, ma'aikatan asibiti ICP suke ce masa a taƙaice. Wannan bayanin na ɗaliban jinya ne da sabbin ma'aikata da za a tsayar a bakin irin wannan gadon, sai kuma 'yan uwan mara lafiya masu son gane me ake yi wa nasu. Sa na'urar kam aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, ba a koyonsa a rubutu, amma kula da ita dare da rana yana hannun wanda ke tsaye kusa da gadon. Kuma tun yanzu ka riƙe wannan, lambar da ke kan sikirin tana iya yin ƙarya, kuma yawanci ba na'urar ce ta lalace ba, saitin ne aka yi wa sakaci.

Me ya sa ma ake auna shi

Ƙoƙon kan babba ƙashi ne a rufe ruf, ba ya miƙewa ba ya buɗewa. Abu uku ne a ciki, ƙwaƙwalwar kanta wajen kashi 80 cikin 100, jini wajen kashi 10, sai ruwan nan garai-garai da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka shi ma wajen kashi 10. Ruwan a jikin babba bai wuce mililita 150 ba a lokaci guda, amma jiki na samar da sabo kusan mililita 500 kullum yana shanye tsohon, kenan in hanya ta toshe ba a ɗaukar kwanaki kafin ya taru. Likitoci biyu 'yan Sikotland, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su suka kafa tushen ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, wato in ɗaya daga cikin abin da ke ciki ya ƙaru dole wani ya ragu, in ba haka ba matsi ya hau.

Da farko jiki na yin dabara, ya tura ruwa ƙasa wajen laka, ya rage jinin da ke kwance a jijiyoyi, shi ya sa za ka ga mutum da gudan jini a kai amma lamba tana zaune lafiya. Matsalar ita ce in wurin matsawa ya ƙare, ɗan ƙari kaɗan sai lamba ta yi tsalle, wanda da safe yake 14 da dare ka gan shi a 35. Lafiyayyen babba a kwance yana tsakanin 7 da 15 mmHg, wato ma'aunin nan da ake auna hawan jini da shi, kuma ƙa'idar da Brain Trauma Foundation ta Amurka ta fitar a 2016 ta ce in ya wuce 22 a tashi tsaye a yi magani. Akwai lamba ta biyu da ake fitarwa daga ta farkon, CPP, ita ce ƙarfin da ya rage wa jini ya shiga ƙwaƙwalwa, lissafinta kawai ka ɗauki matsakaicin matsin jini, MAP ɗin da ke kan sikirin, ka cire ICP. In MAP 80 ne ICP 25, saura 55, alhali ana so ya zauna tsakanin 60 da 70. Ka ga mutum na iya shiga haɗari ta hanya biyu kenan, ko matsin kai ya hau ko jini ya sauka.

Waɗanda aka fi sa wa su ne masu mummunan rauni a kai da suka shiga dogon suma, makinsu a ma'aunin zurfin suma na Glasgow 8 ko ƙasa, kuma hoton CT ya nuna jini ko kumburi. Sai masu zubar jini a ƙwaƙwalwa, masu taruwar ruwa a kai, wasu masu ƙari, da wasu masu sankarau mai tsanani. Dalilin a fili yake, wanda aka bai wa maganin barci aka ɗora a na'urar numfashi ba zai ce maka kaina na ciwo ba.

Na'urorin kansu

Iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Na farko bututun da ake kira EVD, siririyar roba ce mai laushi da ake zurawa har cikin ɗaya daga ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa, waɗanda likitoci ke kira bentirikul. Ana huda ƙashi a gaban kai, yawanci ɓangaren dama, a wurin da ake kira mahudar Kocher, wajen santimita 11 daga karan hanci zuwa baya da santimita 3 daga tsakiyar kai zuwa gefe, a zura bututun kamar santimita 6, a bi da shi ta ƙarƙashin fata ya fito ɗan nesa da hudar don rage shigar ƙwayoyin cuta. Shi ne har yau ake gwada sauran na'urori da shi, don yana aiki biyu, yana aunawa kuma yana zubar da ruwa in matsi ya hau, sannan ana iya sake saita shi ko sau nawa. Aibinsa ƙwayoyin cuta, toshewa, da wahalar sawa in kumburi ya matse ɗakunan ruwan sun zama tsaga. Wani likita ɗan Suwidin, Nils Lundberg, shi ya kafa wannan hanyar ta aunawa ba yankewa a 1960, bayan Guillaume da Janny sun gwada a Faransa a 1951.

Na biyu waya ce siririya mai na'urar jin matsi a bakinta, ana cusa ta cikin naman ƙwaƙwalwa kamar santimita 2. Akwai Codman da Raumedic da Pressio na kamfanin Sophysa masu aiki da ɗan guntun lantarki, akwai Camino mai aiki da zaren haske, akwai Spiegelberg mai 'yar jakar iska a baki. Sauƙin sawa gare su, ƙwayoyin cuta ba su cika kama su ba, amma ba sa zubar da ruwa, aunawa kawai. Waɗanda ake ɗorawa a saman fatar ƙwaƙwalwa ba tare da an shiga ciki ba an rage amfani da su sosai don lambarsu ba abin dogaro ba ce, ba sai na ɓata maka lokaci a kansu ba. Akwai kuma waɗanda ake dasawa gaba ɗaya a ƙarƙashin fata a riƙa karantawa daga waje, kamar wanda kamfanin Miethke ke haɗawa da shant, bututun dindindin da ke zubar da ruwan kai zuwa cikin ciki, waɗannan na masu daɗaɗɗiyar matsalar ruwa ne da ke zaune a gida.

Yanzu mu zo kan aikin, kuma EVD zan fi zama a kai don nan gizo ke saƙa.

Mataki na farko: karanta umarnin likita, ka duba ma'aunin da ya rubuta

Jikin allon EVD yana da layin lambobi biyu gefe da gefe, ɗaya mmHg ɗaya cmH2O, wato santimita na ruwa, kuma ba ɗaya ba ne. 1 mmHg daidai yake da 1.36 cmH2O. In likita ya ce a ajiye a 20 na ruwa kai kuma ka ajiye a 20 mmHg, ka ɗaga shi zuwa kusan 27 na ruwa kenan, ruwan da ya kamata ya fita ba zai fita ba. Umarnin ya kamata ya faɗi abu huɗu, tsayin da za a ajiye, a buɗe za a bari kullum ko a rufe sai lamba ta hau, adadin ruwan da in ya wuce a awa za a kira likita, da lambar ICP da za a kira shi a kanta. In ɗaya babu, tambaya za ka yi, kar ka yi kirdado.

Mataki na biyu: daidaita sifiri da kunne

Wannan shi ne uwa uba. Na'urar ruwa ce, kuma ruwa da tsayi yake aiki, don haka alamar sifiri ta jikin allon da ɗan tiransdusan da ke mayar da matsi zuwa lamba dole su zama daidai da tsakiyar ɗakunan ruwan mara lafiya. Daga waje alamar da ake bi ita ce ɗan guringuntsin nan da ke gaban ramin kunne. Ka gyara wa mara lafiya kwanciya tukuna yadda zai zauna, kan gado a ɗage digiri 30, wuya a miƙe, sannan ka ɗauki ma'aunin daidaito, ko mai ɗigon ruwa irin na magina ko na hasken leza da ke zuwa da wasu allunan, ka ja layi daga kunne zuwa sifiri, ka matsar da allon sama ko ƙasa a jikin sanda har su yi daidai, ka ɗaure shi tamau. In leza ce ka kare idon mara lafiya. An ce ido ba mudu ba ya san kima, toh ban da nan, kuskuren santimita 10 kawai yana canza lamba da wajen 7 mmHg. In tiransdusa ta yi ƙasa da kunne lamba za ta hau ta ƙarya, a yi ta ɗura wa mutum magani a banza. In ta yi sama lamba za ta sauka ta ƙarya, wanda yake 24 ka gan shi 17 kowa ya kwantar da hankali, kuma wannan ya fi muni.

Bayan sifiri sai ka zame ɗan kwalbar da ruwa ke ɗiga ciki zuwa tsayin da likita ya ce. Yadda take aiki kamar bututun da ake sa wa tankin ruwa a can sama ne, ruwa ba ya zuba sai ya kai bakinsa. In an ajiye a 15, ruwa ba zai ɗiga ba sai matsin cikin kai ya wuce 15.

Kuma duk lokacin da kai ya canza wuri, an ɗaga gado, an sauke, an juya shi, ya zame ƙasa da kansa, sai an sake wannan matakin. 'Yan uwa, don Allah wannan naku ne, kar ku taɓa maɓallin gado, kar ku ƙara matashi, kar ku tayar da shi zaune ba tare da kun kira nas ba, ko da shi ya roƙa.

Mataki na uku: saita tiransdusa da iskar waje

Daidaita tsayi daban, saita sifirin na'ura daban, mutane na haɗa su. Ka wanke hannu, ka sa safar hannu, ka juya ɗan famfon mai baki uku ya rufe ɓangaren mara lafiya, ka buɗe tiransdusa ga iska ta hanyar da littafin na'urarku ya nuna, ka danna ziro a sikirin, ka jira layin da ke kan sikirin ya kwanta lamba ta nuna 0, sannan ka rufe da murfi mai tsabta ka mayar da famfo. Ana yi a farkon kowane canjin aiki, da duk lokacin da aka cire waya aka mayar, da duk lokacin da lamba ta ƙi yarda da abin da idonka ke gani. Abu biyu da ba a yi ko da wasa, ba a haɗa wannan layin da jakar matsi irin ta layin jijiyar jini, ba a sa masa hefarin, maganin hana jini daskarewa, don duk abin da ka tura ƙwaƙwalwa zai tafi kai tsaye. Saboda haka ma ake manna masa alama ta daban kar wani cikin dare ya ɗauka layin ƙarin ruwa ne ya yi allura a ciki. Ka duba kumfar iska ma, ƙwaya ɗaya a cikin tiransdusa ta isa ta danne motsin layi.

Af, tunda ana maganar CPP, ka tambaya a ina ake saita layin jijiyar da ke auna MAP a sashenku, daidai zuciya ko daidai kunne, don in kai a ɗage yake bambancin na iya kai 10 mmHg ko fiye, kuma wanda aka saita a zuciya yana nuna CPP ya fi yadda yake a gaskiya.

Mataki na huɗu: rufe magudana kafin ka karanta

Nan ma ana yawan faɗawa. In famfo a buɗe yake ruwa na zuba cikin kwalba, lambar da ke sikirin ba ICP ba ce, tsayin kwalbar kawai take maimaita maka, shi ya sa za ka ga takarda an rubuta 11, 11, 11 tun safe kamar an buga hatimi. In kana son lamba ta gaskiya ka juya famfo ya rufe hanyar kwalba ya bar mara lafiya da tiransdusa kaɗai, ka jira layin ya fito da motsinsa ya natsu, wasu wuraren minti ɗaya suke jira wasu har biyar, ka rubuta, sannan ka buɗe. Ka buɗe fa. Mantawa da famfo a rufe bayan karatu ko bayan dawowa daga hoto na cikin kurakuran da suka fi cutar da marasa lafiya, ni shawarata kar hannunka ya bar famfon sai ka mayar da shi.

Mataki na biyar: zagayen kowace awa

Ka bi layin da ido tun daga kai har jaka. Bandeji a bushe yake? In ya jiƙe ruwa na yoyo ta gefen bututu, ƙofar ƙwayoyin cuta ce, a faɗa wa likita. Alamar tsayin bututun a bakin fata tana inda take ko ya zamo? Akwai lanƙwasa, ko mara lafiya ya kwanta a kai? Sannan ka kalli ruwan da ke cikin robar, ya kamata ka gan shi yana ɗan rawa sama da ƙasa tare da bugun zuciya, in ya tsaya cik kuma layin sikirin ya kwanta, toh ko an toshe ko an rufe wani wuri ko bututun ya fita daga ɗakin ruwa. Wasu sassan sun yarda nas ta ɗan sauke kwalba na daƙiƙoƙi ta ga ko zai ɗiga ta mayar nan take, amma wanke bututu zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa aikin likita ne.

Ka rubuta yawan ruwan awar, ka juye shi cikin jaka. Jiki na yin wajen mililita 20 a awa, don haka in ka ga ya zarce haka sosai, ko kuma wanda yake bayarwa ya koma sifiri kwatsam, duka biyun abin kira ne. Zuba da yawa ba alheri ba ne, ɗakunan ruwa na iya rufewa, ƙwaƙwalwa ta janye daga ƙashi ƙananan jijiyoyi su tsinke jini ya taru, kuma ga mai kumburarriyar jijiya da ba a riga an ɗaure ba tana iya sake fashewa. Launi ma magana ne, garai kamar ruwan sha shi ne daidai, ja-ja ko ruwan ɗorawa ana sa ransa bayan zubar jini, amma wanda ya fara washewa ya koma jajir sabon jini ne, wanda ya yi gurɓi-gurɓi ga zazzaɓi kuma a yi zargin ƙwayoyin cuta. Akwai bututun da aka jiƙa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, rifampisin da kilindamaisin, akwai mai azurfa, suna taimakawa, amma babu abin da ya kai rage taɓa layin. Kar a riƙa ɗibar ruwa don gwaji haka kawai ba dalili, kowane buɗewa dama ce ga cuta.

In za a motsa shi, wanka ne ko canza zanin gado ko tafiya ɗakin CT, a rufe magudana tukuna in dai likita bai hana ba, a kula kar kwalbar ta kwanta matatar iskar da ke samanta ta jiƙe don in ta jiƙe ruwa ya daina sauka, a gama, a sake daidaita kunne, a buɗe. In layi ya cire ko ya tsinke, ka matse ɓangaren da ke kusa da kai da abin matsewa marar haƙori, ka rufe bakin da gos mai tsabta, ka kira likita, kar ka mayar da wanda ya taɓa ƙasa ko gado.

In waya ce ba bututu ba

Aikinta ya fi sauƙi, ba ruwanta da kunne, ba ruwanta da tsayin gado, tunda abin aunawar yana can ciki. Amma sifirinta sau ɗaya ake saitawa, kafin a sa ta, in ta shiga shikenan. Irin Codman bayan an saita na'urar na ba da wata lamba mai alƙaluma uku, a rubuta ta a jikin mahaɗin wayar da cikin fayil, don in an cire waya aka tafi hoto aka dawo ita za a tabbatar. Kwanaki na tafiya wasu wayoyin na ɗan kaucewa daga sifirinsu kuma ba ka da hanyar gyarawa, Spiegelberg kam tana sake saita kanta lokaci-lokaci. Sannan matsin wurin da take kawai take faɗa, in ciwon yana can ɗaya ɓangaren ko ƙeya, abin da ke can na iya fin abin da take nunawa. Kar a lanƙwasa ta da ƙarfi musamman mai zaren haske, karyewa take. Kafin MRI kuma a duba takardar kamfani, kowace da sharaɗinta.

Kalli layin, ba lamba kaɗai ba

Kowane bugun zuciya yana zana 'yan tuddai uku a layin ICP, P1, P2, P3. A lafiyayyen yanayi na farko ya fi tsayi sauran na biye suna sauka kamar matakala. In na biyu ya taso ya wuce na farko layin ya yi kumburi a tsakiya, alama ce wurin matsawa ya kusa ƙarewa ko da lamba tana 16, irin wannan mara lafiyar ne za ka juya shi kaɗan lamba ta tafi 30 ta ƙi dawowa da wuri. Lundberg ya kuma bayyana wata hawa da ake kira igiyar A, matsi ya tashi zuwa 50 ko har 100 ya tsaya can minti 5 zuwa 20 sannan ya faɗo, wannan ba a jira a ga ƙarshensa. Tari ko zuƙe majina na ɗaga lamba na ɗan lokaci, ba komai in ta dawo cikin minti ɗaya ko biyu, wadda ta zauna sama da 22 ta wuce minti biyar ita ce magana.

Lamba ta hau, me za ka yi

Mara lafiya za ka fara kallo kafin sikirin. Haska idanunsa, ɗan baƙin tsakiya ɗaya ya buɗe ya daina amsa haske? Jini ya hau, bugun zuciya ya ragu, numfashi ya rikice? Waɗannan ukun na ƙarshe su ake kira alamomin Cushing, kuma in sun bayyana an riga an makara, ihu za ka yi a zo, ba lokacin duba waya ba ne. In ba su, cikin daƙiƙoƙi ka tabbatar lambar gaskiya ce, kunne, sifiri, famfo, layi na motsi. Sannan ƙananan abubuwa da ke hannunka, kai a digiri 30, wuya a tsakiya, abin ɗaure wuya ko igiyar bututun numfashi ba su shaƙe jijiyoyin wuya ba, ba zazzaɓi, ba ciwo, ba fitsari da ya taru, ba ya kokawa da na'urar numfashi, ba farfaɗiya. Iskar kabon dayoksaid in ta taru a jini tana buɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa matsi ya hau, ana so ta zauna wajen 35 zuwa 40 mmHg.

Daga nan sai na likita, zubar da ruwa ta EVD, ƙara maganin barci, manitol ko ruwan gishiri mai ƙarfi masu janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, sabon hoton CT, in abin ya ƙi a cire wani ɓangaren ƙashin kai a ba ƙwaƙwalwa wuri. Siteroyid kam ba a ba mai raunin kai don sauke matsi, babban gwajin CRASH na 2004 da ya haɗa mutum sama da 10,000 ya nuna mutuwa ƙaruwa ta yi.

Inda babu waɗannan na'urorin

Tsohuwar hanya ita ce allurar baya, wadda Heinrich Quincke ya fara a Jamus a 1891. Mara lafiya ya kwanta a gefe, a sa allura a ƙasan baya tsakanin ƙashi na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar, a haɗa siririn bututu mai lambobi a tsaye, sifirinsa daidai allurar, a bar shi ya ɗan saki ƙafafu ya yi numfashi a natse, a jira ruwan ya gama hawa a karanta. In ya dunƙule sosai ko yana yunƙuri ko a zaune aka auna, lambar ba ta da amfani. A babba sama da 25 cmH2O ya yi yawa. Da ita ake gano hawan matsin nan da ke kama mutane ba tare da ƙari ba, kuma ga masu cutar ƙanjamau da sankarau na kiriftokokus ya kama, zubar da ruwa ta wannan hanyar na ceton rai. Amma karatu ɗaya ne na lokaci ɗaya, kuma in akwai ƙari ko gudan jini da ke tura ƙwaƙwalwa, cire ruwa daga ƙasa na iya jawo ta ta danne kanta a ramin ƙeya, shi ya sa ake duba alamomi a yi hoto tukuna in akwai shakka.

Akwai kuma waɗanda ba sa huda komai. Ana ɗora na'urar sikanin a kan rufaffen ido a auna faɗin rigar jijiyar gani milimita 3 a bayan ƙwayar ido, in ya kai wajen milimita 6 ana zargin matsi. Ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta gefen kai da wata na'urar sikanin mai suna dofla, ana leƙa bayan ido, akwai 'yar na'urar auna amsar ido ga haske, a jarirai kuma maɗiga da awon kewayen kai. Dukansu nuni suke yi, ba sa ba ka lambar da za ka bi minti bayan minti. Kuma kar wanda ba shi da na'ura ya ɗauka hannunsa a ɗaure yake, a gwajin BEST TRIP da aka buga a 2012, wanda aka yi a Bolibiya da Ekwado kan mutum 324, waɗanda aka kula da su da duba jiki akai-akai da hoton CT sakamakonsu bai bambanta sosai da na waɗanda aka bi lambar na'ura ba. Ni abin da na fahimta daga wannan ba wai na'urar banza ce ba, a'a, ita ba magani ba ce, abin da aka yi da lambar shi ne maganin.

Cirewa

Waya in an ga lamba ta zauna lafiya kwana ɗaya zuwa biyu ba tare da ana ta fama da magani ba, likita zai zare ta a ɗinke wurin. EVD kuwa sai an gwada ko jiki zai iya shanye ruwansa da kansa, wasu na ɗaga kwalba kaɗan-kaɗan kullum, 10 zuwa 15 zuwa 20, wasu na rufewa kai tsaye, sannan a bar shi a rufe wajen awa 24 ana kallon lamba da mara lafiya, sau da yawa a yi CT kafin a zare. A wannan lokacin ciwon kai mai ƙaruwa, amai, yawan barci, ko yoyon ruwa ta bakin ciwo duk alamar bai ci gwajin ba ne, a kira likita a buɗe. Wanda ya kasa sau da yawa shi ake yi wa shant na dindindin, bututun da ke kai ruwan zuwa cikin ciki ta ƙarƙashin fata. Bayan an zare a duba bakin bututun ya fito cikakke, a sa ido kan ɗinkin kar ya yi yoyo, kuma a ci gaba da duba ido da farkawarsa da zafin jiki na kwanaki, don taruwar ruwa da ƙwayoyin cuta duka suna iya bayyana bayan an cire.